Ƙashi Na Bakwai

A cikinmu mu huɗu da makaranta ta tura koyon ɗaukar hoton ƙashi, babu wanda ya kai Abdussalam kaifin ƙwaƙwalwa, babu kuma wanda ya kai shi sanin hakan. Abin da za a yi mana bayani sau uku, shi sau ɗaya ya ishe shi. Da a nan ya tsaya, da mun ce alhamdu lillahi. Amma Abdussalam yana da wani ciwo: ba ya iya jure a ce ya yi kuskure. Gara masa zazzaɓin kwana uku da a gyara masa aiki a gaban mutane. Ni da shi ajinmu ɗaya, ɗakin kwananmu ɗaya, saboda haka abin da zan faɗa a gabana ya faru.

Wani ƙaramin asibiti aka tura mu, can arewa, tsakanin Ɗambatta da Kunci, inda gona ke manne da gona, ba ka fita daga wani ƙauye sai ka hango rumbunan na gaba. Shekarun nan ne da fetur ya zama abin nema da fitila, mota ta kwana uku a layin gidan mai. Wutar lantarki sai ta yi mako ba ta leƙo ba. Janareton asibiti awa biyu ake tayar da shi da safe, a cikin awa biyun nan kowa zai yi abin da zai yi. Fim ɗin da ake ɗaukar hoto a kansa kuwa, kwali ɗaya sai a ce ya kai mu wata biyu. Likita ɗaya ne tal a asibitin, shi ne na yara, shi ne na haihuwa, shi ne na tiyata.

Wanda aka damƙa mu a hannunsa Malam Kolo ne, wani dattijo dogo, asalin iyayensa mutanen Borno ne amma a Kano aka yanke masa cibiya. Mutum ne marar hayaniya, sai dai naci. Da yake fim ya yi wuya, sai ya riƙa koya mana aiki ba fim: mu kwantar da juna a kan tebur, mu juya, mu daidaita, mu auna, ya zo ya duba ya ce a sake. Sai mu yi yini muna ɗaukar hoton iska. Kowace safiya kuma, kafin a buɗe ƙofa, zai jera hotunan jiya a jikin taga mu duba su ɗaya bayan ɗaya. Hoton da bai yi ba, sai mai shi ya rubuta sunansa a gefe da hannunsa, ya faɗi abin da ya ɓata shi da bakinsa, ya jefa a wani tsohon kwalin sabulu da ke bayan ƙofa. Mu muka raɗa masa suna kwalin kunya. Ni dai a wata biyu na zuba masa guda tara. Abdussalam ko ɗaya bai taɓa jefawa ba, kuma ba ya bari rana ta faɗi bai tuna mana ba.

A hoton wuya Malam Kolo ya fi tsanani. Ya ce ƙasusuwan wuya bakwai ne, jere kamar an ɗora su bisa juna, laka kuma, jijiyar da ke riƙe da motsin jiki, ta tsakiyarsu take bi. In an ɗauki hoto daga gefe, dole a ga bakwai ɗin cif. Na bakwai shi ne na ƙasa, shi ne kuma mai ɓuya a bayan kafaɗa, musamman ga manoma, waɗanda garma ta gina musu kafaɗu kamar turmi. Don haka ya ajiye galan biyu cike da yashi. In mutum zai iya tsayuwa, sai a ba shi ya riƙe ɗaya a kowane hannu, nauyin ya janyo kafaɗun ƙasa, ƙashin ya fito fili.

“Kada ku ce min hoto ya yi kyau,” haka yake cewa. “Ba na biki muke ɗauka ba. Ku sa yatsa ku ƙirga.”

Abdussalam ya raina galan ɗin nan. In Malam ba ya kusa sai ya ce aikin ƙauye ne, a littafi babu inda aka ce a ɗauko yashi, wanda ya iya daidaita inji ba ya buƙatar kayan gini.

Wata Laraba a tsakiyar damina, Malam Kolo ya tafi Kano neman fim, don guda biyar suka rage mana. Ya bar wa Abdussalam mabuɗi, tunda shi ne gwaninmu. Wajen ƙarfe goma da rabi, saura kaɗan a kashe janareto, aka turo wani magidanci daga wurin likita. Sunansa Mati, zai yi shekara arba'in, ƙaƙƙarfan mutum. Kwana uku da suka wuce iska ta yaye jinkar rumbunsa, ya hau gyarawa, ƙafa ta zame ya faɗo ta ƙeya. Da ƙafarsa ya shigo, amma in zai dube ka sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya. Ya ce yatsunsa biyu na hagu kamar tururuwa na bin su. Matarsa Larai na biye da shi, 'yar siririya mai saurin baki.

Tun kafin a tambaye ta ta fara bayani. “Ni fa, Malam, da tuni an gama. Akwai Baba mai ɗori a ƙauyen gaba da mu, targaɗen wuya murɗawa ɗaya yake yi masa. To ya ce shi ba ya taɓa wuyan wanda ya faɗo daga sama sai asibiti sun ɗauki hoto sun ce babu karaya. Shi ya sa muka zo. In kun ce babu, gobe da hantsi muna can.”

Abdussalam ya ce to, ba tare da ya dube ta ba, hankalinsa na kan agogo. Ya tsayar da Mati, ya daidaita shi, ya ɗaga masa haɓa. Gaskiya hannunsa na da kyau a aiki, ba zan hana shi wannan ba. Na dubi kafaɗun mutumin nan, na dubi galan a lungu.

Na ce, “Abdussalam, yashin fa?”

Ya ce, “Usaini, mai tara a kwali ne zai koya min aiki?”

Na ja da baya na ƙyale shi, kuma har yau ina jin haushin kaina a kan hakan. Ya danna, inji ya yi ƙara, ya ɗauki fim ya shiga ɗakin duhu inda ake wanke shi. Bai fito ba aka kashe janareto.

Da ya fito ya ɗaga hoton a taga, na hango shi daga inda nake. Ya fito tas, fari da baƙi kowa a wurinsa. Na ga leɓensa na motsi, yana ƙirgawa. Na ga ya tsaya, ya sake farawa daga sama. Sai ya sauke hoton da sauri ya sa a ambulan. A ransa ya san abin da ya gani. In zai sake, sai ya je ya roƙi a tayar da janareto, ya ci fim na biyu cikin huɗun da suka rage, gobe kuma ya rubuta sunansa da hannunsa a gabanmu. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi masa nauyi.

Shi da kansa ya kai wa likita, ni ina biye da Mati da Larai. Layin da ke ƙofar likita ya kai bakin baranda, likitan ko karyawa bai yi ba. Ya ɗaga hoton sama, ya duba, ya tambaya, “Ya fito duka?”

Abdussalam ya ce, “Ya fito, likita.”

Likita ya ce bai ga karaya ba. Ya rubuta maganin ciwo, ya ce a huta. Larai ta yi ta godiya, har da durƙusawa. Suka kama hanya, hoton kuma ya dawo ɗakinmu, don dokar Malam ce babu hoton da zai fita sai ya gani.

Washegari da sassafe Malam Kolo ya iso da rabin kwalin fim da ya samo da ƙyar. Ya jera hotunan jiya a taga kamar kullum. Da ya zo kan na Mati sai ya daɗe yana kallo. Bai ɗaga murya ba.

“Wa ya ɗauki wannan?”

“Ni ne, Malam.”

“Ya yi kyau. Zo ka ƙirga mana.”

Abdussalam ya matso, ya ɗora yatsa. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida. Yatsan ya sauka a kan farin kafaɗa, ya tsaya.

“Na bakwai yana bayan kafaɗa, Malam. Amma tunda shidan lafiya suke…”

“Ban tambaye ka shidan ba. Jiya ka ƙirga?”

Da ya ce bai ƙirga ba, da an ce mantuwa ce, kuma na ga yana auna faɗin hakan. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Na ƙirga.”

“Mutumin yana ina?”

“An sallame shi.”

A nan ne maganar Larai ta faɗo min. Na ce, “Malam, yau da hantsi za su kai shi a murɗa masa wuya. Mai ɗorin cewa ya yi sai asibiti ta ce babu karaya. Mu kuma mun ce babu.”

Ban taɓa ganin fuskar Malam Kolo ta canza haka ba. Ya ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.” Ya zaro mabuɗin babur ɗinsa ya miƙa wa Abdussalam. “In ƙashin nan ya tsage aka murɗa shi, laka za ta tafi. Mutumin da ya shigo nan da ƙafarsa ba zai ƙara ɗaga ko cokali ba, in ma ya rayu. Man da ke ciki ba shi da yawa. Ku tafi inda ya kai ku, sauran ku ƙarasa da ƙafa. In kun same shi, kada ya motsa kai, kwance za a kawo shi. Ni zan ga likita, in nemo motar da za ta tare ku a bakin titi.”

Sunan ƙauyen kawai muke da shi a katin asibiti. Muka bar kwalta muka shiga burtali, dawa da gero sun rufe mu hagu da dama, ruwan jiya ya mai da hanya taɓo. Sau biyu muna faɗuwa. Abdussalam, mai farin kaya kullum kamar ango, ya koma kamar wanda ya fito daga kwaɓar gini, bai ko lura ba. Duk wanda muka gani a gona sai ya tsaya ya ƙwala masa tambaya. Ina bayansa, ina jin yana ta maimaita hasbunallahu.

Mun sami gidan Mati, amma wata tsohuwa mai sheƙa a ƙofar gida ta ce sun fita tun da rana ta ɗaga. Ta nuna mana wata kuka can nesa, ta ce gidan mai ɗori na gindinta. Ba mu yi rabin hanya ba babur ya yi tari ya mutu. Muka jingine shi a jikin dawar wani, muka ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

A zaure muka same su. Mati na zaune a tabarma ba riga, wuyansa na ƙyalli da man shanu. Wani tsoho mai farin gemu na durƙushe a bayansa, hannu ɗaya a haɓarsa, ɗaya a ƙeya. Larai na rakuɓe a bakin ƙofa, wasu maza uku na zaune suna jiran layi. Ko sallama Abdussalam bai yi ba.

“Baba, don Allah tsaya! Kada ka murɗa!”

Tsohon bai firgita ba. Ya ɗauke hannuwansa a hankali, ya ɗora su bisa gwiwa, ya ƙare mana kallo.

Larai ce ta gane mu. “A'a, ai yaran asibiti ne. Wannan shi ya ɗauki hoton.”

Tsohon ya ce, “Samari, ku numfasa tukuna. Jiya an ce min kun duba babu karaya. Yau kuma me ya faru?”

Abdussalam ya buɗe baki. Na san shi, na san irin maganar da ke iya fitowa: inji ne, wuta ce, likita ne ke son ƙarin bincike. Duk wadda ya faɗa za su karɓa, ba wanda zai gane a cikinsu. Amma ya dubi Mati, wanda ke zaune ko juyowa ba ya iya yi, sai ya zube a kan gwiwoyinsa.

“Baba, hoton bai cika ba. Ƙashin wuya bakwai ne, shida suka fito. Na gani da idona, na ɓoye, na ce wa likita ya fito duka, don kada a ce na yi kuskure. Ba mu san ko akwai karaya ba. Laifina ne, ba na kowa ba.”

Larai ta miƙe tsaye. “Don kada a ce ka yi kuskure? Kai, yaro, ka san 'ya'ya nawa ke cin tuwo daga wuyan nan? Shida! Har da durƙusa maka na yi jiya, ashe kabari kake haƙa mana!” Ta yi ta faɗa, shi kuwa kansa na ƙasa. Babu wanda ya hana ta, don gaskiyarta ce.

Da ta lafa, tsohon ya yi ajiyar zuciya. “Allah ya sa da sauran shan ruwansa. Tun ɗazu nake shafa, ina jan lokaci, yatsun nan nasa ba su kwanta min ba. Amma na ce tunda masu gani har cikin ƙashi sun ce babu, ni wa? Da kun ƙara jinkiri kamar na shan ruwa, da na yi bismilla.” Ya juya wurin Abdussalam. “Shekara arba'in ina wannan aiki da hannu, kuma na san inda hannu ya tsaya. Shi ya sa nake tura muku. In ku ma za ku riƙa faɗin abin da ba ku gani ba, to wa ya rage?”

Shi ne ya sa aka ciro ƙyauren ɗakinsa. Mu huɗu, har da biyu daga mazan da ke jiran layi, muka kwantar da Mati a kai, ni ina riƙe da kansa. Aka cika zannuwa biyu da ƙasa, aka ƙulle, aka tokare masa kunne da kunne, aka ɗaure goshi da rawani. Wani maƙwabci ya ɗauro shanunsa a amalanke, aka shimfiɗa harawa, aka ɗora. Tafiyar da muka yi a guje, sai da ta ci mana awa biyu a komawa. Abdussalam bai hau ba. A ƙasa ya tako yana gaban shanun, duk inda ya ga rami sai ya tsayar da su, a lallaɓa a wuce. A bakin titi muka tarar da Malam Kolo da wata akori-kura da ya roƙo a kasuwa.

Likita da kansa ya sa aka tayar da janareto da azahar, abin da ba a taɓa yi ba. Na ɗauka Malam zai karɓi aikin, sai ya ce, “Wanda ya fara shi zai ƙarasa.” Wannan karon a kwance aka ɗauka, ba a motsa Mati daga kan ƙyauren ba. Likita ya tsaya ta wajen ƙafafu, ya kama hannayensa biyu, ya ja su ƙasa sannu a hankali har kafaɗun suka sauka. Abdussalam ya daidaita, ya duba, ya sake dubawa, ya kira Malam ya duba masa, sannan ya danna.

Da hoton ya fito muka taru a taga. Bai kai na jiya kyau ba. Abdussalam ya ɗora yatsa ya ƙirga da ƙarfi har bakwai. A jikin na bakwai ɗin ga wani siririn layi baƙi, ya ratsa shi daga sama zuwa ƙasa, ƙashin kuma ya ɗan gota gaba. Ko ni mai tara a kwali na gan shi. Likita ya cire tabarau ya share fuska, ya ce shi ma da laifinsa, da ya ƙirga da kansa. Abdussalam ya koma bayan ƙofa ya zauna a ƙasa, ya yi kuka irin na wanda aka sauke wa kaya, mu kuma muka bar shi ya yi.

A ranar aka wuce da Mati asibitin ƙashi a birni. Wata uku ya yi a cikin siminti daga haɓa har ƙirji. Girbin shekarar nan bai taɓa lauje ba, 'yan uwa da maƙwabta ne suka yi masa gayya. Shi kuwa Abdussalam, Malam Kolo ya rubuta wa makaranta abin da ya faru, bai rage ba bai ƙara ba, har da zuwa ƙauye da abin da ya faɗa a zaure. Ba a kore shi ba, amma aka ce sai ya maimaita zangon. Mu da yake yi wa dariya muka riga shi fita.

Ana saura kwana biyu mu bar asibitin, muna cikin aiki, sai muka ji sallama. Mati ne, ya rame, amma a tsaye yake da ƙafarsa, Larai na bayansa. Ya ce takardar birni suka kawo wa likita, ya ga bai kamata ya wuce bai leƙo ba. Abdussalam ya rasa inda zai sa kansa, ya fara neman gafara. Mati ya katse shi, ya miƙa masa hannun hagu.

“Kama nan,” ya ce. Abdussalam ya kama. Mati ya matse, ya ƙara matsewa, har sai da Abdussalam ya yi 'yar ƙara. Mati ya yi dariya. “Ka ji? Baɗi da shi zan riƙe garma, in Allah ya kai mu. Na yafe maka.”

Larai ba ta yi dariya ba. Ta dube shi ta ce, “Ni ma na yafe. Amma na gaba da za a kawo maka, wataƙila ba a kusa yake ba, ba kuma lalle ka same shi a zaune ba.”

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Kuskure ba abin kunya ba ne ga mai koyo, ɓoye shi ne abin kunya, domin kuskuren da ka faɗa a kanka yake tsayawa, wanda ka ɓoye kuwa a kan wani yake faɗawa. Duk wanda aka ba amanar ya duba wa mutane abin da ba sa iya gani da idonsu, ma'aikacin asibiti ne ko waninsa, ya sani cewa a kan maganarsa wasu za su gina tasu shawarar. Kada son yabo ya sa ka ce ka gani alhali ba ka gani ba. In aiki bai cika ba, ka ce bai cika ba, ka sake tun da sauran lokaci. Abdussalam ya yi sa'a Allah ya ba shi damar gyarawa, kuma ya yi ta maza ya karɓe ta. Ba kowa ne ke samun wannan damar ba.